Gugguru mun sani, to waɗanda sunka ƙi hwashewa fa, mi za mu ce musu?

Assalamu alaikum jama'a. Cigiya nika yi yau, amma ba ta akuya ba, ta kalma.

Tun da kuɗɗin tara na yara yaf fi ƙarhina nik koma yi musu gugguru a gida, in ƙulla a leda su tahi da shi makaranta. Maƙwabta sunka gani sunka hwara aiko ɗiyansu da canji, har ta kai ƙanena yac ce bari ya buga mani 'yar takarda da za a riƙa liƙawa jikin ledar. Jiya da la'asar sai ga samfur a WhatsApp, an rubuta POPCORN da manyan baƙaƙe, ƙasa kuma wai fassara: "fasasshiyar masara". Nic ce mai kai auta, wa yaf fasa ta, mota tat taka ta ko mi?

Wanga dai ba ya buƙatar taro. Sunanshi gugguru, wasu su ce gurguru. Innarmu tun dauri da dawa taka yi muna shi a kasko, ƙanana-ƙanana kamar huren auduga, kuma gugguru taka ce mai. Na san akwai mai shirin rubuta mani cewa ai kalmar Yarbawa ce. Awo, su ma guguru suka cewa, har da gyaɗa suka haɗa shi. To sai mi? Sukari daga Larabci yaz zo, tebur daga Ingilishi, ba mu kore su ba. Ita kanta masara sunan Masar anka laƙa mata, alhali asalinta Meziko, can anka hwara nomanta shekara wajen 9,000 da sunka wuce. Kalmar da tsohuwa ta sani, jikanta ya sani, ta zama 'yar gida.

Wani bawan Allah ya riga ya shigo yana cewa a raba, na kasko gugguru, na injin gilashi da aka gani bakin titi a bar mai fofkon ɗinshi. Malam ban yarda ba. Inji na baƙo, wani Charles Cretors yaƙ ƙera irinshi a Chicago a 1885, amma abin da ke ciki an tono burbushinshi a ƙasar Peru mai shekara wajen 6,700. In anka niƙa hatsi a inji ba a canza ma tuwo suna.

Ɗanyar kuma masarar gugguru, haka za ki ce a Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato a gane ki. Kada a ce masara kawai, don ni na sha wannan. Karon hwarko wani mai awo ya rantse mani masarar tuwo ma tana yi in dai wuta ta ji, na dawo gida na ƙona mai, na ƙona gindin tukunya, abin da nis samu gasasshiyar masara mai karya haƙori. Ta gugguru daban take, ƙanana ce, tana ƙyalli, ɓawonta da tauri ba ya barin tururi ya hita. Cikin kowace ƙwaya akwai ɗan ruwa wajen kashi 14 cikin 100, in zahi ya kai kamar digiri 180 sai ruwan nan ya zama tururi ya rasa hanya, ɓawon ya yage, garin ciki ya kumburo waje ya sandare. Shi ke nan sirrin.

Yadda nika yi, tunda an tambaya har sau uku: tukunya mai kaurin gindi da murhi, man gyaɗa cokali biyu ko uku, in jefa ƙwaya uku in ruhe. In sunka tashi to mai ya yi, sai in zuba rabin gwangwanin madara, kada ya wuce shimfiɗa ɗaya a gindin tukunya, in riƙa girgizawa da tsumma, murhin a ɗan karkace don tururi ya samu hanya in ba haka ba ya yi laushi kamar soso. Da ƙarar ta hwara jinkiri, tas... sai an ɗan jima... tas, a sauke. Rabin gwangwanin nan shina cika tukunya matsakaiciya har ya ɗaga murhi, shi ya sa nika cewa ba abin taɓawa mai auki irinshi. Gishiri kuma a daka shi a turmi ya koma gari luƙui, in ba a daka ba duk ƙasan roba za ya tare. Ni na hi son ɗan man shanu da yajin ƙuli tun shina da zahi, yara kuwa madarar gari da sukari, ba su san daɗi ba.

To ga inda cigiyar take. Duk yadda kika iya, in kin juye za ki tarar da wasu ƙwayoyi kwance a ƙasa sun yi baƙi-baƙi ba su tashi ba. Su waɗanga mi sunansu? Turawan Amurka wai tsohhin 'yan mata suka ce musu, waɗanda ba su yi aure ba, wannan kam ba za mu aro ba, cin huska ne. Ni kuma ina buƙatar kalmar kullum, don 'yata babba ita ka tsince su kahin a ƙulla, kuma na gaji da cewa "cire waɗanda ba su hwashe ba ɗin nan".

Ga abin da anka kawo zuwa yanzu. Wata 'yar'uwa daga unguwar Mabera ta ce su tsakuwa suka cewa gidansu. Ya yi ma'ana wajen haƙori, amma akwai tsakuwar gaske da aka tsinta cikin masarar in ba a gyara ta ba, za a rikice. Wani ya ce ƙanzo, a'a, ƙanzo na tuwo ne da shinkahwa, shi liƙewa shika yi. Wata Hajiya ta ce kurame, don an yi ta kiransu da wuta ba su ji ba. Wallahi na yi dariya har yara sunka leƙo, kuma ta hi duka daɗin ji, sai dai akwai masu lalurar cikinmu, ban son yaro ya tashi da shi a baki.

Ni tawa ita ce ƙi-hwashe, mutanen Kano ku rubuta ƙi-fashe abinku ba mu yi hushi ba. Ginin Hausa ne tsantsa, irin su ƙi-faɗi, dafa-duka, hana-salla, kowa yaj ji ya san abin da aka nuhi ba sai an yi mai bayani ba. "Tsince ƙi-hwashen nan." "Masarar wanga mutum duk ƙi-hwashe ce." Kun ji ya zauna.

Kuma a nan Sakkwato muna da su da yawa, ba laihin mai sayarwa ba ne kullum. Iskar hunturu da zahin bazararmu mai wuce digiri 40 suna tsotse ɗan ruwan nan in anka bar masara a buɗe cikin kwano. A zuba ta a gora ko kwalba mai murhi. In ta riga ta bushe, ƙaramin cokali na ruwa cikin gwangwani ɗaya, a girgiza a ruhe kwana biyu ko uku, mahi yawa suna dawowa hayyacinsu.

Saura wanda aka narka sukari ya yi ja ya lulluɓe shi, da masu shago ka ce ma karamel. Na ce mai alewa, ƙawata ta ce mai ƙonannen sukari, nic ce wa za ya sayi abin da anka ce ya ƙone? Ta yi shiru.

Na dai tura ma auta ya gyara takarda: GUGGURU, mai yaji da mai alewa. Yanzu yab bugo wai in bari ya ƙara "babu ƙi-hwashe" a ƙasa. Nic ce ya dakata tukuna sai na ga yadda 'yar tawa taka tsinta, jiya ma na tauna guda biyu cikin leda ɗaya.