Wai ƙwayar tarin huka barci take a jikina

Ɗan Birni: Jama'a, raina a ɓace yake. Ƙanena ya yi tarin huka, ya sha magani wata 6, ya warke. Aka gwada mu ƴan gida da allurar fata, bayan kwana 3 wurin ya kumbura mini. Hoton ƙirji lafiya lau, ba na tari. Lokotoro ya ce ƙwayar barci take, ba na sa wa kowa. Da iyayen yarinyar da nake nema suka ji, sai suka ɗage baiko. Wannan adalci ne?

Tsohon majo (babban ma'aikacin jinya): Ɗana, bar cewa barci. Sojojin jini ne suka kewaye ta cikin huhu, suka tsare ta kamar ɗan kaso. Kumburin nan shaida ce jikinka ya san ta, kuma yana riƙe wannan sanin shekaru, ko da ta mutu. Cikin mutum 100 irinka, 5 zuwa 10 ne ciwon ke tasar wa, galibi a shekara 2 na farko.

Hajiyar Zengu: Majo, mai barci ai farkawa yake. Da ƴata ce, ni ma sai na dakata.

Tsohon majo: Hajiya, na ce ba barci ba ne! In jiki ya raunana ta fi samun ƙofa: sida, ciwon suga, yunwa.

Malamin lakwal: To wa ya kawo "barci"? Lokotoro ne. Kenan majo ya fi lokotoro sani?

Tsohon majo: Shekarun da na yi a likita sun fi shekarunka, mushe.

Ɗan Sabon Gari: Wataƙila ma lambar BCG, rigakafin tarin da ake yi wa jarirai, ce ta kumbura masa hannu. Kuma "fuka" ake rubutawa.

Malamin lakwal: Nan Damagaram ne, huka muke cewa. Kai wa Kanawa gyaranka.

Hajiyar Zengu: Wallahi gaya masa!

Shugaban zaure: Ya isa. Abin da muka tsayar: baba majo ya yi gaskiya, ba barci ba ne, tsaro ne, kuma huka ne daidai. Masu musu da manya su gyara.

Ɗan Birni: Baba majo, don Allah ko za ka raka kawuna gidan su yarinyar ran Juma'a? Abin da ka ce na 5 zuwa 10 nake so mahaifinta ya ji daga bakinka.