Bushewar baki ta ƙi tafiya, ko in bar shan habbatus sauda?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni mace ce, shekarata 41, a Maradi nake. Wata bakwai ke nan bakina a bushe yake ƙamas. Da fari na ɗauka hunturu ne, sai ga damina ta zo ta wuce, yawu bai dawo ba. Tuwo ma sai da ruwa nake haɗiye shi, haƙora biyu sun rube, idanuna kamar an watsa musu rairayi, gwiwoyi na ciwo da safe.

An auna sukari, lafiya lau. Maganin mura da ke busar da baki ma na daina tuni.

Likita ya ambaci cutar Sjögren, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa ƙwayoyin da ke samar da yawu da hawaye, ya ce ta fi kama mata. To, nan ne hankalina ya tashi. Kullum ina shan man habbatus sauda da garin zogale, ga wata ƙwayar maganin tsiro mai suna echinacea da ƙanwata ta aiko daga Faransa, wai don ƙarfafa garkuwa. In garkuwar ce ke cina, ba wuta nake ƙara wa itace ba? Kunya ta hana ni gaya wa likitan.

Wanne zan bari? Kuma gwajin jinin anti-SSA, wanda ke taimakawa wajen gano cutar Sjögren, ana yin sa a nan ko sai na je Yamai?