Idan masu kulob sun rufe ƙofa, ɗan wasan NBA ya tafi waje ko ya zauna?

Sadiq23:
Salam ƴan uwa masoya ƙwallon kwando. Gardama ce ta ƙi ƙarewa tsakanina da abokaina kan abin da ya faru a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2011, lokacin da masu ƙungiyoyi suka rufe ƙofa tun 1 ga Yuli saboda rikicin rabon kuɗi, ba albashi ba atisaye, sai a Disamba aka daidaita aka buga wasa 66 maimakon 82. Wasu ƴan wasa suka kwashi kayansu sai Turai da Chana. Ni a ganina sun yi daidai, su kuma suna cewa wai guduwa suka yi suka bar ƴan uwansu da faɗan. Ku ya kuke gani?

Baban_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Gaskiyarka Sadiq. Mutum aka hana shi aiki aka tsayar masa da albashi, to kuma a ce ya naɗe hannu? Shekarun ɗan wasa ƙirgaggu ne fa, wadda ta wuce ba ta dawowa. Kuma tafiyar ma ai wani makami ne, don masu kulob ɗin lissafinsu shi ne idan aljihu ya bushe yaran za su sa hannu a kan komai, a tsohuwar yarjejeniya ƴan wasa na karɓar kashi 57 cikin 100 na kuɗin shigar gasar su kuma suna so a zaftare, to idan suka ga Deron Williams yana zuba ƙwallaye a Besiktas ta Turkiyya har maki 50 a wasa ɗaya, dole jikinsu ya yi sanyi. FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ma ta yarda a tafi, sharaɗin kawai mai kwantiragi ya koma da zarar an buɗe, kuma ya koma ɗin.

Ummi_Zee:
Baban Hanifa ka yi haƙuri amma ban yarda ba. Wane sanyi jikinsu ya yi? A ƙarshe ai kusan raba daidai aka koma, ƴan wasan ne suka sauko. Manyan da ake tsoro irinsu Kobe da LeBron ba inda suka je, Kobe an yi ta maganarsa da Virtus Bologna ta Italiya amma shiru. Sannan ba ka taɓo maganar rauni ba, kana da kwantiragin miliyoyin daloli a Amurka ka je ka karye a wata ƙasa, ƙungiyarka ba ruwanta, shi ya sa inshora ya zama babban ciwon kai a lokacin. Abin da ya fi damuna ma shi ne ƙananan ƴan wasan da dama can a Turai suke neman abinci, tauraro ya zo na wata biyu an ture mutum gefe, an buɗe NBA ya tafi ya bar kulob da giɓi a tsakiyar kaka. Wlh wannan bai min daɗi ba.

Malam_Auwal:
Ƙanwata Ummi maganarki ta rauni haka take. Ni dai ina ganin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tony Parker gida Faransa ya koma, kulob ɗin ASVEL da yake da hannun jari a ciki, a kan mafi ƙanƙantar albashi. Andrei Kirilenko ya koma gida Rasha, kulob ɗin CSKA Mosko, ya ƙarasa kakar gaba ɗaya har ya zama gwarzon Yuroliga, gasar manyan kulob-kulob na Turai, na 2012. Waɗannan wa zai zarge su? Waɗanda suka sha wuya su ne na Chana, don hukumar can ta hana saka sharaɗin ficewa a kwantiragi, wato damar komawa NBA da zarar an buɗe, shi ya sa J.R. Smith da Wilson Chandler da Aaron Brooks suka maƙale, ranar Kirsimeti aka fara NBA su suna can, Smith sai a Fabrairu ya shiga New York.

Sadiq23:
Na gode Malam. Kenan idan babu sharaɗin ficewa gara mutum ya haƙura?

Malam_Auwal:
In kana da kwantiragi mai nauyi a gida, e, ka zauna ka yi atisayenka. Amma wanda nasa ya ƙare kuma ba shi da tabbacin wata ƙungiya za ta ɗauke shi, ni zan ce ya tafi ko Chana ne, ya dai tabbatar an yi masa inshora kafin ya sa hannu.