Shin Sabon Ma'aikaci Ba Shi da Hutu Sai Ya Cika Shekara?

Jami'in kula da ma'aikata: Ina nan a kan bakana cewa wanda bai cika wata 12 a bakin aiki ba, ba shi da haƙƙin hutun shekara. Yarjejeniya mai lamba 52 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1936, ta ba da hutun kwana shida na aiki ne bayan an yi shekara guda ana aiki ba yankewa, kuma har yanzu dokokin ƙasashe da dama a kan wannan turba suke.

Wakiliyar ƙungiyar ma'aikata: Malam, ka tsaya a 1936 alhali ƙungiyar ta sake duba batun a 1970, a yarjejeniya mai lamba 132. A can an ce hutu ba zai gaza mako uku na aiki a shekara ba, jiran da za a sa wa sabon ma'aikaci ba zai wuce wata shida ba, sannan wanda bai cika shekara ba a ba shi gwargwadon watannin da ya yi. Inda ake aiki kwana biyar a mako, mako uku kwana 15 ne, wato kwana ɗaya da kwata ke taruwa kowane wata, don haka wanda ya yi wata takwas yana bin kwana 10. Kana haɗa abu biyu ne, lokacin da haƙƙi ke fara taruwa da lokacin da ake barin mutum ya tafi hutun.

Jami'in kula da ma'aikata: Hajiya, yarjejeniyar ba ta hawa kan ƙasar da ba ta rattaba mata hannu ba. A Amurka ma dokar tarayya ba ta tilasta hutun shekara mai albashi.

Wakiliyar ƙungiyar ma'aikata: Na yarda, amma ke nan maganarka ba ƙa'ida ba ce ga kowa. A Faransa kwana biyu da rabi ke taruwa duk wata tun daga farkon aiki.

Sabuwar ma'aikaciya: Ni albashin farko ne ya ɗaure mini kai. Na kama aiki ranar Litinin 17 ga wata mai kwana 31, aka biya ni ƙasa da rabin albashi, alhali da na ƙirga na ga na yi fiye da rabin ranakun aikin watan.

Akanta: 'Yar'uwa, ke da wanda ya biya ki duk kun yi lissafi daidai, ma'auninku ne ya bambanta. A watan da kika ambata, idan ana hutun Asabar da Lahadi, ranakun aiki 21 ne, kin yi 11, wato kusan kashi 52 cikin ɗari. Wanda ya raba albashin da kwanakin kalanda zai ba ki 15 cikin 31, kusan kashi 48, wanda kuma ya ɗauki kowane wata a matsayin kwana 30 zai ba ki rabi cif. Ni dai na fi natsuwa da ranakun aiki, domin su ne mutum ya yi gumi a cikinsu, ko da yake ma'aunin 30 ya fi sauƙin lissafi. Aibinsa yana fitowa a Fabrairu mai kwana 28, inda wanda ya fara ranar 2 ga wata zai tashi da 27 cikin 30, kamar kwana uku ya rasa alhali ɗaya ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a biya sabon shiga da ma'auni ɗaya, ranar da zai bar aiki kuma a yanke masa da wani.

Jami'in kula da ma'aikata: A kan albashi ba ni da ja. A kan hutu kuwa, idan mutum ya ci kwana 15 a wata na uku ya ajiye aiki a na huɗu, wa zai ɗauki asarar?

Wakiliyar ƙungiyar ma'aikata: Wata uku bai tara masa ko kwana huɗu cikakku ba, Malam, sai ka ba shi abin da ya tara.