Kuɗin lauya a shari'ar gado ya fi ƙarfinmu, ina mafita?

Assalamu alaikum, masana shari'a. Muna shari'ar gadon gidan mahaifinmu a wata kotun Musulunci a Kano, ɗaya ɓangaren sun riga sun ɗauki lauya. Wanda muka samu ya yanka mana naira dubu 500, ban da kuɗin mota duk ranar zama, ko da an ɗage shari'ar. Da muka nemi ragi, sai ya ce dokar biyan lauyoyi ta 2023 ta hana shi karɓar ƙasa da ƙa'ida. Haka abin yake?

Za mu iya yarjejeniya da shi a rubuce ya ɗauki kaso bayan an raba gadon? Hukumar Legal Aid fa, wadda ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta, tana karɓar shari'ar gado? Mahaifiyarmu ce ke zaune a gidan, ba ta da inda za ta koma. Don Allah a taimaka mana da shawara.