Kahraman mai ƙwaro a ciki: in cika kuɗin ko in dakata?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan uwa, hankalina ba a kwance yake ba. Ina koyar da kimiyyar halittu a nan Damagaram. Tun ina yaro nake tara duwatsu, har marigayi babanmu yakan yi mini faɗa. Wani mai sayar da carbi, aminin yayana ne, tare suka sauke farali, shi ya kawo mini kahraman biyu, ɗaya da ɗan sauro a ciki, ɗayan da kunama sukutum. Ya ce na ƙasar Bama ne, wato Myanmar, shekara miliyan 99. Yana jiran cikon jikka 60 ran Juma'a, uwargida kuma ba ta sani ba. Yaya zan yi?

Na Zango: Malam, kar ka ƙara ko dala. Kahraman danƙon itace ne da ya sandare a ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙananan ƙwari ya fi kamawa, ƙafa a karye, fiffike a lanƙwashe, don sun yi ta ƙoƙarin kuɓuta. Ƙatuwar kunama shimfiɗe tsaf a tsakiya, roba aka zuba mata. Na Bama, wanda ake haƙowa a kwarin Hukawng, ya kai waɗannan shekaru. Amma na tekun Baltik ya fi cika kasuwa, daga yankin Kaliningrad na Rasha, shi wajen miliyan 40 ne. Gasa allura ka taɓa gefe: na gaske ƙanshin danƙo yake yi, roba kuwa ƙauri.

Hajiyar Mirriya: Haba Alhaji, ya ƙona kayan da bai gama biya ba? Ɗana, dama gishiri mai yawa a ruwa ka jefa, na gaske ba ya nutsewa. Ni ma haka aka yi mini da duwatsun wuyan auren ɗiyata, har yau ba na gaisawa da matar da ta sayar mini.

Na Zango: Hajiya, kopal na Madagaska ma yana tasowa, alhali danƙo ne ɗanye, bai tsufa ba. Sai an ɗiga masa aseton, ruwan goge jan farce, in ya yi danƙo a yatsa to kopal ne.

Ɗan Birni: Mutumin nan ba maƙaryaci ba ne, a gidanmu yake cin tuwo. Kuma na goga shi a bargo, ya ɗauki guntun takarda.

Na Zango: Biro ma yana ɗauka.

Inna Mai Haƙuri: Ni uwargidan ce damuwata. Nawa ka riga ka bayar? Mai gidana da tantabaru ya fara irin wannan ɓoye-ɓoyen.

Ɗan Birni: Inna, don ɗalibaina na saya, ba su taɓa ganin irinsa ba sai a littafi. Ku bar zancen kunamar. Mai sauron fa, in riƙe shi? Ba zan sa masa allura ba.