Kyamarar Wasa da Ɗakin Kaɗaici

Mai Hoto na Mabera:
Assalamu alaikum. Jiya na kalli gajerun bidiyoyin da Sadie Benning ta ɗauka a ɗakin kwananta a birnin Milwaukee na Amurka daga 1989, da kyamarar wasan yara ta Fisher-Price mai naɗar hoto baƙi da fari a kan kaset ɗin rediyo, bayan ta bar makaranta saboda tsangwamar da ta sha don zuciyarta na karkata ga mata 'yan'uwanta.

Ta rufe ɗaki, ba ta da abokiya,
Ta sa 'yan tsana biyu suka yi soyayya,
Ta nuna wa kyamara rubutun zuciya,
Ta mai da kukan dare abin dariya.

Goggon Runjin Sambo:
Ɗana, na ji baitinka, ban ƙi shi ba,
Abin da malamai suka karantar da ni ban sake shi ba,
Sai dai akwai yaron maƙwabta da ban manta ba,
Shi ke ba mu dariya ranar suna, bai taɓa gajiya ba,
Da ya daina fitowa ƙofar gida, ban tambaya ba,
Har ya bar Sakkwato ban san ciwonsa ba.

Baƙon Gulbin Rima:
Goggo, ni ma irin yaron nan ne da kike faɗi,
Na iya kwaikwayon tafiyar kowa a kan titi,
Na koyi kaurara murya kamar mai tallan gawayi,
Don kada a ce ɗan daudu, a bi ni da ihu da tsaki.
Ita kyamararta ta zame mata aminiya a ɗaki,
Tawa tana iya zama shaida a gaban alƙali,
Ga dokar Najeriya ta 2014 da ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi,
Don haka nakan ɗauki kaina a waya cikin dare,
In yi dariya, in goge kafin ladan ya yi kiran assalatu.

Mai Hoto na Mabera:
Ƙanena, bidiyonta ya isa baje kolin gidan adana zane-zane na Whitney a New York a 1993,
Naka fa, wa ya taɓa gani kafin ka share?

Baƙon Gulbin Rima:
Yaya, 'yan kallona biyu ne, kuma ba sa biya,
Tsaka a bango, da sauron da ke mini waƙa a kunne ɗaya,
Daren jiya an ɗauke wuta ina tsakiyar wasan kwaikwayo,
Tsakar ta tafi abinta, sauron ya tsaya.